Takun Markus

Chikaji, Sabon Gari, Zariya
Farkon watan Yuli

Zuwa ga maigidana, sanyin idona,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya cikin kiyayewar Ubangiji. Yaya sanyin Gembu, yaya aikin kafa sola? Mu nan lafiya lau. Inna ta aiko daga ƙauye cewa masara ta yi kyau, ciwon gwiwarta ma ya yi sauƙi. Maƙwabciyarmu Mama Nonye tana gaishe ka, ta ce in tambaya ko can ma haka ake ruwa, don jiya da bokiti muka kwashe na tsakar gida.

Na san za ka ce me ya hana ni jira ka hau dutsen nan da kake samun sabis mu yi waya. To, abin da zan aiko maka ba ya shiga waya. Ɗanmaraya direba ya ce zai kai taki wajenku, shi ne na ce bari in haɗa shi da saƙo.

Ajin zane mai motsi da ka matsa mini in shiga, yau ga shi ya hana ni karatun littattafaina na soyayya. Ka ji abin mamaki. Ina hawan keke napep zuwa Kwangila, in shiga bas zuwa Samaru. Ajin yana saman wani shagon buga takardu. Malaminmu Malam Femi ne, Bayarabe haifaffen Samaru, Hausarsa har ta fi tawa gishiri. Kowa yana da akwatin haske, wato gilashi da ƙwan lantarki a ƙarƙashi. Kana ɗora sabuwar takarda a kan tsohuwa, ka hango zanen baya, ka ɗan matsar da na gaba. In aka ɗauke wuta sai mu yi layi a taga.

Aikin farko ƙwallo ce mai tsalle. Tawa ta faɗo kamar dutse. Na biyu buhun gari ne, ba ido ba baki, amma wai sai ya nuna murna da fushi da baƙin ciki. Malam ya duba nawa ya ce, "Hefziba, me ya sa buhunki kullum kamar wadda saurayi ya yaudara?" Aka yi ta dariya. Ni ma na yi, don gaskiya ce.

Yanzu an ba mu babban aiki, wanda da shi za a san wanda ya ci da wanda zai maimaita. Kowa zai zana tafiyar wani mutum da ya sani, sa'an nan ya tsara ɗan labarinsa a allon labari, wato hotuna gida-gida a jere, yadda za su biyo juna. Ranar ƙarshe za a ɗauki hoton kowace takarda a haska a bango, a gayyato 'yan'uwa.

Wa ka ga na zaɓa? Labarina shi ne wani mutum ya sauka a tasha, ya tako har gida wurin matarsa. Ga gwajin farko nan, ɗan littafin da na ɗinke da zare. Ka riƙe shi da hagu, ka saki shafukan da babban yatsan dama, za ka ga kanka kana tafiya. Na ba ka kafaɗa, na ba ka taku irin na jaruman littattafaina, waɗanda in sun shigo fili kowa ke yin shiru. Ni kaina na kalla har gefen takardun ya yi baƙi.

Ka riƙa sa rigar sanyin nan. Ka rubuto ka faɗa mini yadda ka ji.

Taka har kullum,
Hefziba

*

Chikaji
Watan Agusta

Maigida,

Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Mu dai lafiya. Na je ƙauye na yi wa Inna kwana, ta ba ni gyaɗa in aiko maka, ga ta nan a leda.

Ɗanmaraya ya je ya dawo, ya sake zuwa ya sake dawowa, hannu wofi. Ya rantse mini cewa hannunka da hannunsa ya ba ka saƙona, kuma ya gan ka garau a kan tsani. Da ka kira ranar Lahadi, Inna kaɗai ka tambaya da rufin ɗaki, sai sabis ya yanke. Ko kai ka yanke?

Ka san halina. Na zauna na tsara maka dalilai irin na cikin littafi: ka faɗa kogi ka manta sunanka, ko an naɗa ka sarkin wani ƙauye a kan dutse an hana ka alƙalami. Mama Nonye ta ce, "Amarya, wannan littattafan za su kashe ki. Mutum yana aiki, kin ce ya faɗa kogi."

A aji ma ba daɗi. Na sake yin irin zanen da na aiko maka na kai wa Malam Femi. Ya karkaɗa shi sau ɗaya ya ajiye.

"Wanene wannan?"

Na ce, "Mijina."

Ya ce, "A'a. Wannan ba mijin kowa ba ne. Ƙafafunsa daidai, hannayensa daidai, ba ya gajiya, ba ya sauri, takalmi bai taɓa matsa masa ba. Na ce mutumin da kika sani. Je ki sake."

Na ji haushi har na ƙi sayen awara a bakin kasuwar Samaru, ka kuwa san ba ƙaramin abu ke hana ni ba. Me Malam ya sani game da mijina? Kai ne za ka raba mu. Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Taka,
Hefziba

*

Gembu
Watan Agusta

Doguwa,

Na gode da gyaɗa. Lafiyata ƙalau, ban faɗa kogi ba, ba a kuma naɗa ni komai ba. Ki gaishe da Inna da Mama Nonye.

Ni ba gwanin rubutu ba ne kamar ke, don haka zan faɗa kai tsaye. Ranar da saƙonki ya zo, na buɗe shi a gaban yaran aiki, ina alfahari. Callistus, mai taya ni jan waya, ya karɓa ya karkaɗa. Ya ce, "Kai, madam ta iya! Oga, wanene wannan? Wanta ne?"

Bai faɗa da mugunta ba. Da gaske yake tambaya.

Hefziba, kin san shan inna ya taɓa mini ƙafar hagu tun ina yaro. Kin san ta fi gajarta. Ke kike wanke mini takalmin da Paschal mai gyaran takalmi yake ƙara wa tudu. Tun da muka haɗu ba ki taɓa yin maganar ba, ni kuwa na ɗauka ba ta dame ki ba ne. Da na ga mutumin nan naki yana taku kamar soja a fareti, da fuskata a wuyansa, sai na ce ashe haka take so in zama. Ashe da ta sami fensir, abin da ta fara yi shi ne ta gyara ni.

Wataƙila ba haka kike nufi ba. Amma na rasa abin da zan rubuto, shi ya sa na yi shiru. Ranar Lahadi ma ni na yanke.

Malaminku ya yi gaskiya, ba ni ba ne. Amma kada ki ce za ki zana na gaskiyar a haska a bango. A makarantar ƙauyenmu yara sun riga sun yi wannan wasan, suna bina a baya suna kwaikwayo. Ki zana Mama Nonye, tafiyarta ta ishi aji guda.

Ban yi fushi ba. Ki ci gaba da karatunki.

Mijinki,
Markus

*

Chikaji
Farkon watan Satumba

Maigidana,

Gaisuwa da ban haƙuri. Muna lafiya. Masara ta fara shigowa, Inna ta aiko da ɗanya na gasa, na ci rabonka.

Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin ƙofa, sai da na nemi kujera. Ban gyara ka ba, Markus. Abin ya fi haka ban kunya: ban san tafiyarka da ido ba. Na zauna a gaban akwatin haske na rufe ido in gan ka kana tahowa, ban gani ba, sai na ɗauko ta cikin littafi na liƙa maka.

Na tambayi kaina yaya za a yi mace ba ta san tafiyar mijinta ba. Sai na fara tunawa. Ranar da muka haɗu a bikin ƙawata Elizabeth, a zaune na same ka. Duk zuwan da ka yi zance gidanmu, kafin in fito ka riga ka zauna a kan dakali. Ranar ɗaurin aurenmu kana gaban majami'a tun kafin mutane su taru. In za mu kasuwa sai ka ce, "Wuce gaba, Doguwa, ina bayanki." Ni kuma ina jin daɗi, ina cewa mijina yana tsarona kamar a littafi. Ashe ɓuya kake yi, ni kuma ina taya ka.

Amma akwai abin da ba ka iya ɓoyewa ba. Na san takunka da kunne. In ka shigo zauren gidan nan, ko mutum nawa suka shigo tare da kai, ina ganewa: ƙwas, sai shaa. Ƙwas mai nauyi, shaa gajere. Da na ji shi nake sauke tukunya. Tun da ka tafi, wannan ƙarar nake nema a zaure duk yamma, ba ta jarumin kowa ba.

Ban faɗa wa Malam Femi sirrinka ba. Na dai tambaye shi yadda ake zana mutumin da ƙafafunsa ba su yi daidai ba. Ya tashe mu duka tsaye, ya ce mu sa tsakuwa a takalmi ɗaya mu zaga ɗakin, yana tafa mana hannu. Ya ce, "Kun ji? Ƙafar da mutum ya yarda da ita, a kanta yake daɗewa. Ku ba ta takardu da yawa. Ɗayar kuwa taɓa ƙasa take yi ta wuce, ku ba ta kaɗan." Ashe ƙwas da shaa ɗin nan ana iya jera su a takarda.

Da na dawo gida na ciro tsohon takalminka daga ƙarƙashin gado. Na dama ya cinye a dunduniya, na hagu a gefen yatsu. Na cusa tsumma na sa su, na riƙa kai da kawowa a tsakar gida ina neman ƙarar. Tudun na hagu yana tura ni gefe, sai na gane me ya sa kafaɗarka take yin yadda take yi. Ina cikin haka Mama Nonye ta fito da kwandon shanya.

"Chineke! Amarya, kewa ce ta kai ki haka? Gobe sai mu gan ki da wandonsa!"

Na ce, "Aikin makaranta ne, Mama."

Ta ce, "Wace irin makaranta ce wannan? Ki kai ni in shiga, takalmin Baban Nonye yana nan yana wari a banza."

Na yi zanen, Markus. Shi ne wannan da ke cikin kwalin, tsakanin kwali biyu don kada ruwa ya taɓa shi. Ba gwaji ba ne, shi ne ainihin aikin, ba ni da wani. Ban nuna wa Malam ba, ban nuna wa kowa ba. Na sa har da allon labarin. Za ka ga gida ɗaya babu komai a ciki. Malam ya ce dole a sami hoton da aka hango mutumin ta baya yana nufar gida. Wannan ban iya ba. Kunne bai ba ni bayanka ba, kuma na daina ƙirƙira maka jiki.

Ƙarshen watan nan ake karɓar aiki. Idan ka yarda, ka ba Ɗanmaraya ya dawo mini da shi. Idan ba ka yarda ba, ka riƙe, naka ne. Ba zan zana Mama Nonye ba, lokaci ma ya ƙure. Zan maimaita ajin baɗi, kuma ba zan taɓa yi maka gori ba. Wannan alkawari ne, ba irin na littafi ba.

Taka,
Hefziba

*

Gembu
Watan Satumba

Doguwa,

Ina lafiya, mun gama ƙauye ɗaya mun koma na gaba. Ki ce wa Mama Nonye ta bar takalmin mijinta ya huta.

Kwalin ya kwana biyu a jakata ban buɗe ba. Ran da na buɗe, sai da na bari yara suka tafi cin abinci.

Ban taɓa ganin tafiyata ba. In zan wuce shago mai gilashi, ɗaya gefen nake kallo. Abin da na sani shi ne wanda yaran makaranta suka nuna mini, su kuwa har ƙasa suke kaiwa. Na karkaɗa naki ina jiran in ga wannan. Sai na ga wani mutum yana ɗingishi, e, ba ki rage ko kaɗan ba. Amma sauri yake yi. Kamar akwai inda za shi, kuma ana jiransa. Na karkaɗa har yara suka dawo.

Gyara ɗaya. Kin sa mini jakar kayan aiki a hannun hagu. A dama nake riƙe ta, ita ke daidaita ni. In za a haska ni a bango, a haska ni daidai.

Ga shi nan na ba Ɗanmaraya. Na ce masa in ruwa ya taɓa kwalin nan, kada ya sake biyowa ta Gembu. Ki kai wa Malaminku.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma ki kai.

Mijinki,
Markus

*

Chikaji
Farkon watan Oktoba

Sanyin idona,

Gaisuwa da murna. Kowa lafiya. Bari in ba ka labari tun daga farko, kada ka tsallake.

Motar Ɗanmaraya ta lalace a hanya. Ana gobe za a rufe karɓar aiki ya iso, ni kuwa na riga na haƙura, har na fara lallashin kaina da awara. Da na ga kwalin a hannunsa na yi ihun da ya fito da Baban Nonye daga wanka. Na zauna na mayar da jakar nan hannun dama, takarda bayan takarda, ga wuta an ɗauke, a jikin taga na yi har yatsuna suka ƙage.

Ranar nunin an rufe tagogi da zannuwa. Na gayyaci Mama Nonye, ban faɗa mata wa na zana ba. Aka nuna na wani ɗan ajinmu Uzodinma, kakarsa tana korar akuya. Aka nuna na wata Princess, wani ɗan acaba yana tura babur. Sai nawa. A farko ƙafafu kaɗai ake gani, suna sauka daga mota. Ko fuska ba a kai ba Mama Nonye ta miƙe tsaye.

"Oga Mark! Wallahi Oga Mark ne! Yaushe ya dawo?"

Aka yi dariya, amma ita aka yi wa. Na saurara da kyau saboda kai. Babu wanda ya yi wa mutumin bangon dariya. Da ya doshi ƙofa ɗakin ya yi tsit, wata a bayana tana cewa, "Yi sauri mana, tana jira." Ka ga, ashe akwai jarumin da in ya shigo kowa ke yin shiru, kuma a gidana yake.

Na ci. Zan shiga aji na gaba, inda za a koya mana motsin baki da magana, don haka ka shirya, saura muryarka. Malam Femi ya rage mini maki saboda gidan da na bari wofi. Ya ce, "Me ya hana ki cike shi? Ai baya ya fi gaba sauƙin zane." Na ce ban taɓa gani ba. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ce, "To, ranar da kika gani ki kawo."

Na liƙa allon labarin a bangon ɗakinmu, kusa da kalanda. Gidan yana nan fari.

Ka riƙa cin abinci. Na fara wani sabon littafi, amma jarumin ya cika tafiya daidai, har ya gundure ni.

Taka har kullum,
Hefziba

*

Gembu
Watan Oktoba

Doguwa,

Lafiya lau. Barka da cin jarrabawa. Na karanta wa Callistus wurin Mama Nonye, ya ce a gaishe ta.

An ba mu hutu ƙarshen wata. Ɗanmaraya zai sauke ni a tashar Sabon Gari da rana, ido na ganin ido. Ki zo ki tare ni. Kada ki tsayar da keke, da ƙafa za mu je gida, ta cikin kasuwa.

Ni zan wuce gaba. Ki taho da fensir.

Mijinki,
Markus